Gawo Ne, Ba Gawa Ba

Damina tara ke nan ana shuka ana girbi a gonarmu ba tare da maigidana ba. Ya rasu ana ƙarshen yankan gero, kamar yanzu, shi ya sa duk shekara idan na ji ƙamshin sabon hatsi a turmi sai ya faɗo mini a rai. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. 'Yata Binta, wadda ke koyarwa a firamaren garinmu, ita ke riƙe da biro ina faɗa, kuma na ce kada ta gyara mini magana. Sunansa bai taɓa fita daga bakina ba tun ina amarya. Mutanen ƙasar Tofa sun san shi da Malam Masassaƙi, ni kuwa Malam nake cewa, haka zan ci gaba.

A shekarun baya idan wannan lokaci ya zagayo, sadakar waina nake yi, a yi masa addu'a, in yi kukana in share. Bana kukan ya zo da tsoro, kuma tsoron ne ya sa na nemi a rubuta.

Malam turmi yake sassaƙawa, da taɓarya, da akushi, da ƙotar fartanya. Gizagonsa na nan rataye a zaure, ƙotar ta yi baƙi ta ɗauki siffar tafin hannunsa. Babu gidan da za ka shiga a nan kurkusa ba ka tarar da turminsa ba, har wajen Watari mata ke aiko a yi musu. Itacen ƙirya ya fi so, don turminta kan kai jika. Da muka yi aure, tafiyar hantsi kawai yake yi ya samo ta. Da yara suka tasa sai ya wuni. Daga baya sai dai a kawo masa gungume a mota daga inda bai sani ba. Wata rana ya ajiye gizago ya ce mini, "Ni na cinye ƙiryar ƙasar nan, ni da 'yan'uwana. Ga shi mun cinye, ba mu ƙoshi ba." Ni kuwa da tuwon da wannan ƙiryar ta kawo na raini 'ya'yana.

Itace ɗaya ne ƙarfensa bai taɓa hawa ba, wato gawon da ke gefen gonarmu ta gabas, wanda ya gada daga mahaifinsa. Ga waɗanda suka tashi a birni, bari in faɗi halin gawo, domin duk maganar tawa a kansa take. Kowane itace idan ruwa ya sauka yakan yi ganye, shi kuwa sai ya zubar da nasa. Duk damina tsirara yake tsayawa, fari fat, rassa kamar ƙasusuwa, saboda haka rana na isa ga shukar da ke ƙarƙashinsa, ganyen da ya zubar kuma ya zama mata taki. Geron gindin gawo ya fi na ko'ina tsayi. Sai ruwa ya ɗauke, duniya ta fara bushewa, sannan ya yi kore shar, ya ba mutum inuwa, ya zubar wa awaki 'ya'ya lokacin da babu ciyawa. Malam kan ce bai taɓa ganin maƙwabci mai kunya irinsa ba, wanda ke janye jikinsa idan kana ci, ya dawo idan ba ka da komai.

Da ciwo ya kwantar da shi ya kira 'ya'yansa maza biyu ya ce kada a sare gawon nan. Bayan an yi arba'in, da masu sayen fili suka fara zarya, domin birni na matsowa ta wajen Rijiyar Zaki yana haɗiye gonaki ɗaya bayan ɗaya, sai yaran suka ba ni alkawari a gaban kawunsu: muddin gawon Baba na raye, ba za a yanka gonar a sayar ba. Ban ce su rantse ba. Na san 'ya'yana. Za su riƙe maganar daidai yadda suka faɗe ta, ba ƙari. Wato ran itacen nan shi ne katangar da ke tsakanin gonar da masu bulo.

Yanzu sai in kawo Hadiza. Shekara uku kafin Malam ya rasu, wata yarinya 'yar birni ta zo ƙofar gidanmu a motar haya, ta ce ita mai zane ce da sassaƙa irin na zamani, tana neman wanda zai koya mata riƙon gizago. Maza suka yi ta dariya a dandali. Malam ya dube ta ya ce, "Hannun nan naki ko albasa ya taɓa yankawa?" Ta ce ya gwada ta. Wata biyu tana zuwa, hannu duk kanta, ba ta fasa ba. Har ta saba da ni, ta koma kirana Inna, tana cin dambuna tana cewa ya fi na gidansu.

Ita ce ta tambaye shi ina tsofaffin turamensa ke zuwa idan sun fashe. Ya ce murhu. Kwana biyu yana juya maganar, sai ya bi gida gida ya karɓo fasassun turame guda bakwai waɗanda shi ya sassaƙa da hannunsa, ya ba matan sababbi. Ya ɗora su ɗaya kan ɗaya a tsakar gida, baki da baki, gindi da gindi, ya ɗaure da turaku ta ciki, har suka wuce tsayin katanga. Na fito daga madafa na ga kamar itace ya tsiro mini a gida. Na ce, "Malam, wannan kuma na dakan mene ne?" Ya ce, "Ba na daka ba ne. Ƙirya nake mayar wa tsayinta."

Hadiza ta zo ta yi ta zagaya tulin turamen tana kallo. Daga baya ita da abokan aikinta suka ɗauke tulin suka kai wani zaure a birni inda ake baje irin waɗannan abubuwa mutane su zo kallo, har aka ce ya hau jirgi ya tafi wata ƙasa, wai yana koya wa mutane tausayin itatuwa. Ranar da aka zo ɗauka, Malam ya zagaya akwatin da aka ƙera wa tulin na sabon katako, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Hadiza, akwatin nan ya fi abin da ke cikinsa cin itace." Ta ce ta sani, Baba, ba ta san yadda za ta yi ba. Ya ce shi ma bai sani ba. Sun rabu a kan haka, kuma ina ganin wannan rashin sanin ne ya haɗa jininsu.

Bayan rasuwarsa ba ta yar da ni ba. Takan zo da salla, wani lokaci da mijinta. A farkon daminar bana ta zo ta ce ita da abokanta suna shirya taron tunawa da Malam, za su nuna aikin da ya shafi zaman mutum da itace, kuma sun ɗaukar wa kansu doka: ba za su taɓa ɗanyen itace ba, sai wanda ya riga ya mutu. Na sa mata albarka. Idona ya yi rauni, ƙafa ma haka, sai ɗana Sani, wanda ke sayar da gawayi a Rijiyar Zaki, ya raka ta ta ga gonar Baba.

Abin da ya faru a can daga baya na ji shi daga bakinsu su biyu, kuma maganarsu ba ta saɓa ba. Ta hangi itace fari tsirara a tsakiyar kore, ta ce, "Sani, wannan ya mutu ne?" Shi kuwa ya ce, "Ai gawo ne, Malama." A wurinsa ya gama bayani, don duk wanda aka haifa a nan ya san abin da hakan ke nufi. Ita kuma abin da kunnenta ya ji shi ne gawa. Ta ce ko za su iya amfani da shi a aikin Baba. Ya ɗauka hoto za su ɗauka, ya ce me zai hana. Ya hau babur ya koma shagonsa.

Ran wata Talata da hantsi, gero ya fara fitar da kai, ina zaune ina tsince wake, sai na ji ƙarar inji. Na ɗauka na niƙa ne, amma injin niƙa yamma yake da mu, wannan kuwa daga gabas yake zuwa, yana kuka yana tsayawa, yana kuka yana tsayawa. Maƙwabciyata Lami ta leƙo ta katanga ta ce, "Yaya, yau kuma sara ake a gonarku?"

Ban san yadda na isa ba. Lami ta ce takalmi ɗaya ne a ƙafata, mayafin ma ita ta biyo ni da shi. Abin da na sani shi ne duk tafiyar ina jin kamar ranar da aka fito da Malam ce ta dawo, sai dai wannan karon da ransa za a ɗauke shi. Na ratsa geron ina laluben hanya da sanda. Da na kai, na ga inuwar mutum a durƙushe a gindin gawon da injin yanka itace, ƙura fara na tashi. Na je na jingina bayana da gawon.

Mai injin ya kashe ya miƙe. Ya ce, "Inna, matsa mana, kada ya faɗo miki."

Na ce, "Ɗan wane ne kai?"

Ya faɗi sunan ubansa da garinsu, can gaba da mu kaɗan.

Na ce, "To kai ba ka san gawo ba?"

Ya share fuska da hularsa. Ya ce, "Na san shi, Inna. Da ransa. Amma ni aiki aka ba ni, ba a tambaye ni ba."

Har yau wannan maganar ta fi ƙarar injin ba ni tsoro.

Hadiza ta taho da gudu daga wajen mota, tana cewa, "Inna, lafiya? Ai mataccen ne kawai, Sani ya ce gawa ne." Na kamo hannunta, hannun nan da Malam ya koya wa gizago, na cusa shi cikin garin itacen da inji ya zubar. Da danshi, yana manne wa yatsu, yana ƙamshin ɗanye. Na ce, "Gawo ya ce miki, 'yar nan. Ɗaga kai ki dubi geron da ke nan, ki dubi na can. Gawa na ciyar da hatsi haka?" Ta duba. Sai na ji ta sulale ta zauna a ƙasa cikin kunya, da kayanta masu kyau, tana maimaita innalillahi a hankali.

Injin ya riga ya shiga. Na sa hannu a bakin yankan, yatsuna huɗu suka ɓace, kuma ya zagaye kusan rabin gindin ta yamma. Na tuna abin da Malam ke yi idan makiyaya suka yi wa itace mummunan sara. Na sa aka ɗebo ƙasar suri da kashin shanu, aka kwaɓa, muka cusa a ramin muka shafe, muka naɗe da tsohon buhu da igiyar rama. Hadiza ce ta kwaɓa da hannunta. Mai injin ma ya taya ɗauri, ya iya sosai, wanda ya ƙara ɓata mini rai.

Sani ya zo da yamma ya durƙusa, ya ce wallahi bai san sara za a yi ba. Na yarda da shi. Amma da na ce masa ya tuna alkawari, sai ya ce, "Inna, ai alkawari na nan. Mu dai jira rani mu gani." Bai faɗa da mugunta ba. Gaskiya ya faɗa. Da damina ba a gane gawo mai rai da matacce, duk kamarsu ɗaya. Sai ruwa ya ɗauke ake sani. Tun daga ranar nake kwana da tashi da lissafin sama, ni da na yi shekara saba'in ina roƙon ruwa ya daɗe, bana ina roƙon ya tafi, ina kuma tsoron tafiyarsa.

An yi taron nasu a birni. Ban je ba, Binta ta je. Ta ce babban ɗaki ne mai sanyin inji, fitilu ko'ina, janareta na ruri a waje. An dawo da turamen Malam guda bakwai an tsayar. A gabansu kuma, inda aka shirya ajiye gungumen gawo da aka so a sassaƙa, babu komai sai ƙwarya ɗaya cike da garin itacen nan, wanda Hadiza ta roƙe ni ta kwashe. A bango an rubuta kalma biyu, gawo da gawa, da bayanin kuskuren da ta yi, da sunanta a ƙasa, ba ta ɓoye ba. Binta ta ce mutane sun daɗe a tsaye gaban ƙwaryar, har wata mata ta share hawaye. Na tambaya ko akwai wanda ya ce yana son zuwa ya ga itacen. Ta ce ba ta ji ba.

Ina yawan tambayar kaina abin da Malam zai ce da yana nan. Na san zai fara da dariya, don ba ya iya ganin abu a karkace bai yi ba. Zai ce an tara mutane a ɗaki mai shan fetur don su ji tausayin ƙwarya. Amma ba zai tsaya a kan Hadiza ba, zai juyo kaina. Zai ce, ke fa, da me kika dafa tuwon jiya? Da gawayin da Sani ke kawo mini a buhu na dafa, kuma ban taɓa tambayar wane itace aka ƙona ba, ko a gonar wace tsohuwa yake. Gawo, gawa, gawayi: Binta ta ce idan an rubuta su kusan kamarsu ɗaya. Ni da ban san harafi ba, a murhuna na san haka. Babu mai tsabtar hannu a cikinmu, har shi mai gizagon. Abin da ya bambanta shi, ya san sunan kowane itace da ya kashe, ya kuma san wanda ba a taɓawa.

Wannan sanin ne nake tsoron ya ƙare. Gonakin da muka sani da ɗorawa da tsamiya yanzu tubali ne da kwano. Jikokina na Rijiyar Zaki sun san sunayen motoci, amma darbejiya kaɗai suke iya nunawa. Ba na zarginsu, ba a gona suka tashi ba. Sai dai ina ganin ranar da za a wayi gari duk wanda ya san gawo barci yake da damina ya shiga ƙasa, a bar masu kyakkyawar niyya da masu inji, waɗancan ba su sani ba, waɗannan ba a tambaye su ba.

Ruwa ya ɗauke yau kwana goma sha tara. An yanke gero, gona ta yi fili. Kullum da rana tsaka nakan sa Lami ta raka ni in zauna a gindinsa in ɗaga fuska, don idona ba ya kai wa rassan, nata ma bai fi nawa ba. Inuwa nake nema a goshina. Kwana da kwanaki rana ce kawai ke dukana. Binta ta ce za ta duba mini, Sani ma ya ce zai zo, na hana su duka. Tsoron amsar nake, kuma ba na son ta fito daga bakin wanda ke da rabo a gonar.

Shekaranjiya Hadiza ta zo, ita kaɗai. Ba ta shiga gida ba, a gona ta same ni. Muka gaisa, ta zauna. Can na ce, "Tashi ki duba mini."

Ta tashi ta ja da baya, na ji takunta a kan karan gero. Ta daɗe. Sai ta ce, da ƙaramar murya, "Inna, ban san yadda ganyensa yake ba."

Na ce, "Kin san na tsamiya? Ya fi shi ƙanana, kuma korensa da toka-toka, kamar an barbaɗa masa gari. A bakin ƙaya yake fitowa."

Ta sake zagayawa, sau biyu. Ta ce, "Akwai. Ta gabas akwai, a rassa uku, ƙanana ƙanana. Ta yamma, wajen da aka yanka, babu komai."

Na ce ta rantse. Ta rantse.

To haka muke a shekara ta tara. Rabin itace ya farka, rabi bai farka ba, kuma ban sani ba ko ragowar ƙarfinsa ne yake fitarwa kafin ya tafi, don na ga marasa lafiya sun yi haka, Malam ma ya yi, ya tashi ya sha kunu ya yi raha ana jibi zai rasu. Na aika wa Sani cewa gawon Baba na raye. Ya aiko da alhamdulillahi, ya ce zai zo ya gani da idonsa.

Turamen Malam za su fashe ɗaya bayan ɗaya, na birnin ma gara za ta same su wata rana. Gizago zai yi tsatsa a zaure. Abin da ya rage nasa wanda ke numfashi shi ne rassan nan uku, da kuma mace ɗaya 'yar birni wadda yanzu ta san ganyen gawo idan ta gani. Kafin ta tafi ta karyo ɗan tsinke ɗaya da ya faɗo, ta sa mini a tafin hannu, na murza na ji laushinsa. Ta ce za ta dawo ran Juma'a ta duba yamma.

Allah ya jiƙan Malam, ya sanyaya makwancinsa. Wanda ya karanta wannan, idan ya yi masa addu'a, ya haɗa da itacen. Yau Laraba.